Kwandon Ɗaki Goma Sha Huɗu

Ƙarfe huɗu da rabi makaranta kan yi tsit,
sai gurnanin bututun ɗumama ɗaki
da tayar bokitina mai kukan neman mai.
Orville Lahti nake, mai shara.
Shekara ashirin da biyu ina goge sawun 'ya'yan mutane
a garin nan na bakin tafki, arewacin Minnesota,
inda jirage ke lodin tama har ƙanƙara ta datse musu hanya.

Ɗaki goma sha huɗu nakan bari ƙarshe.
Nan Malama Bergquist ke tara 'yan ajin fita
kan darasin da ba a tilasta wa kowa ba,
rubutu da adabin Turanci, na ganin dama.
Wasu ƙauna ta kawo su,
wasu ajin walda ne ya cika.
A saman allo ta bar jimla guda da ban taɓa gogewa ba:
"Soke duk abin da ka rubuta don a yaba maka."

Kwandon ajin lissafi ɓawon lemo ne da cingam.
Wannan kuwa takardu,
dunƙule kamar an yi faɗa da su.

Ban yi niyyar karatu ba.
Wata ce ta faɗo, ta buɗe baki da kanta:
"Mahaifina mutumin kirki ne." An soke.
Ƙasa kaɗan: "Mahaifina mutum ne." Shi ma an soke.
Ba suna, sai koren alƙalami
da rubutu mai jingina hagu kamar shinge bayan iska.

Daga ranar na zama ɗalibi na ashirin da ɗaya,
wanda ba ya cikin rajista.
A Oktoba na san uban yana aikin dare a tashar jirage.
A Nuwamba na san yatsunsa takwas ne,
ba ya magana a kan abinci.
Sai wata Laraba:
"Yakan cire takalmansa tun a mota,
ya taka ƙanƙara da safa, kada ya tashe mu."
Na zauna kan kujerar da ta yi mini kaɗan.
Na shafe takardar da tafin hannu har ta miƙe,
na ɓoye ta a ɗakin tsintsiya, bayan kwalin sabulu.

Disamba, mako uku, babu kore ko ɗigo.

Da ya dawo a Janairu, jimlolin nan ne dai,
amma kowace an liƙa mata kalmomi biyu a goshi:
a da.
A da yakan. A da yakan.

Watan Mayu aka yi daren karatu a laburare.
Ina jera kujeru, ina leƙen wata siririyar yarinya mai tabarau,
na riga na yanke cewa ita ce.
Zato zunubi.
Wanda ya miƙe ƙato ne, Tobias Rautio,
mai karyayyen haƙori daga filin wasan ƙanƙara,
takarda na rawa a hannunsa kamar ganye.
Yana karantawa, leɓuna na bin sa a asirce.
Yatsu takwas sun zo, shirun cin abinci ya zo.
Takalman ba su zo ba.

Da aka watse na tare shi a bakin ƙofa.
Na ce, "Ka yar da wannan."
Ya dubi takardar, ya dube ni, ya daɗe.
Bai tambayi inda ta kwana wata shida ba.
Ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun ƙirji,
ya ce, "Na ɗauka ta yi ƙanƙanta."

Ya fita a hankali, yana ɗaga ƙafa
don kada ya ɓata inda na goge.